Daga Houston zuwa Grand Canyon da ɗaki a bayan mota

Tirelar kwanan da muka ja zuwa Grand Canyon, makeken kwarin da ke jihar Arizona ta Amurka, ta hannu ce. Na saye ta dala 14,500 a wajen wasu dattawa, mata da miji, da ke zaune a bayan garin Houston na jihar Texas, waɗanda shekaru suka cim musu suka haƙura da doguwar hanya. Tsawonta ƙafa 22, tayoyinta huɗu. A ciki akwai babban gado ɗaya, gadajen yara biyu ɗaya bisa ɗaya, teburin cin abinci da ake saukewa ya zama gado, murhun gas, firji, da ɗan ƙaramin banɗaki mai wurin wanka. Ba ta da inji, sai an ɗaura ta a bayan mota, ni kuma a-kori-kura gare ni ƙirar Ford F-150 mai ƙofa huɗu. Mu biyar ne: ni, uwargida, yaranmu biyu da ba su isa shiga makaranta ba, sai Kawu, ƙanin mahaifiyata, da ya zo mana ziyara daga Kano. Kawu ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sitiyarin babbar mota tsakanin Kano da Legas, kuma tun ranar da ya ga tirelar ya ce ba za a bar shi a gida ba. Watan Maris ne, azumi ya ƙarato, muna so mu je mu dawo kafin a ga wata.

Abin da ya fi cin mini lokaci kafin tashi shi ne lissafin nauyi. Duk wanda zai sayar maka da tirela zai faɗa maka motarka tana iya jan nauyi kaza, kuma ba ƙarya ya yi ba, sai dai ba wannan ce iyakar da mutum ke fara cim ma ba. Idan ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai 'yar takarda manne mai faɗin nauyin da motar za ta ɗauka a kanta, mutane da kaya gaba ɗaya. Tawa kilo 725 ce. Ita kuma tirela ba ja kawai ake yi ba, wuyanta yana danne bayan mota, kuma ƙa'ida ita ce nauyin da ke kan wuyan ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta duka. Tirela mai kilo 2,600 da kayanta ke nan za ta ɗora wa mota kusan kilo 330. Ƙarfen mahaɗin kansa ya kai kilo 40. Mu biyar da kujerun yara kusan kilo 290. Abin da ya rage kilo sittin da 'yan kai ne kawai.

Da Kawu ya ga bayan motar fayau babu komai sai akwatin sufanu da jak, ya tsaya ya riƙe ƙugu. "Ɗana, duk wannan filin a banza zai tafi? Ga janareta, ga buhun shinkafa, ga kuloli." Na ɗauko biro na yi masa lissafin a bayan kwali. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a zamaninsu mai kaya ne ke yanke nauyin mota, ba direba ba. Idan sifirin bai lanƙwashe ba, to akwai sauran wuri. Ya lissafo mini abokan aikinsa da suka rasu a gangara saboda lodi ya rinjayi birki, ya ce da yawa daga cikinsu sun san an wuce kima, amma wanda ya ƙi ɗauka gobe wani ne zai hau motar. Daga ranar shi ya zama mai tsare ƙa'idar fiye da ni. Shi ya sa aka jera kaya masu nauyi a ƙasa, a kan tayoyin tirela da ɗan gabansu, ya hana a ajiye komai mai nauyi can baya. Tankin ruwan sha yana cin kusan lita 150, wato kilo 150 ke nan, don haka muka zuba kwata kawai, wanda zai ishe mu alwala da banɗaki a hanya.

Da asuba muka ɗaura. Wannan aiki ne da ba a yin sa ana hira. Bakin tirela ya sauka a kan ƙwallon ƙarfen ya zauna daram, a rufe makullin, a soka masa fil. Sarƙoƙi biyu a gitta su a ƙarƙashin wuyan, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama, don in wuyan ya kuɓuce ya faɗa kansu maimakon ya caki kwalta. Akwai wata siririyar waya da ke kunna birkin tirela da kanta idan ta rabu da mota; a jikin mota ake maƙala ta, ba a jikin sarƙa ba. Sai filogin wuta mai baki bakwai, sai sandunan ƙarfe biyu masu mayar da wani ɓangare na nauyin zuwa tayoyin gaba, don kada hancin mota ya ɗaga sitiyari ya yi sako-sako. Uwargida ta tsaya a baya ina taka birki ina kunna sigina tana ɗaga mini hannu. A Texas duk tirelar da nauyinta ya haura fam 4,500, wato kusan kilo 2,000, dole ta kasance da birkinta, kuma ana sarrafa shi ne da wata 'yar na'ura kusa da sitiyari. A layin unguwarmu na gwada shi, ina tafiya a hankali na matsa shi da hannu, na ji tirelar ta riƙo motar ba tare da tayoyinta sun ja ƙasa ba. Lasisin tuƙi na yau da kullum ya wadatar ga mai wannan girman.

Tsayawarmu ta farko a wani babban gidan man manyan motoci ce a kan babbar hanyar I-10, yamma da gari, inda akwai sikelin auna nauyin mota na kamfanin CAT. Faranti uku ne a jere: tayoyin gaba a kan ɗaya, na baya a kan na biyu, na tirela a kan na uku. Ka danna maɓalli, ka shiga ciki ka karɓi takarda, kuɗin bai kai dala 20 ba. Muka kwance tirelar muka sake auna motar ita kaɗai, bambancin ya nuna mana ainihin abin da ke kan wuya. Muna cikin ƙa'ida, amma da ɗan kaɗan. A ganina wanda ya kashe dubban daloli a kan tirela ya kuma ƙi biyan kuɗin sikeli bai yi wa iyalinsa adalci ba.

Bayan San Antonio Kawu ya ce bayansa ya gaji, a tsaya ya koma cikin tirela ya miƙe a gado mu ci gaba. Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, dokar Texas ta hana mutum zama a ciki ana tafiya." Ya ce shi da ya kwana a kan buhunan gyada mota na gudu. Uwargida ce ta lallashe shi, ta ce, "Baba, bari a tsaya a yi salla, ka huta sosai, ai ba sauri muke ba." Da muka buɗe ƙofar tirelar a wurin hutawa muka tarar da ƙofar wani kabad ta buɗe, kofuna sun watse har bakin banɗaki. Ya kalle su ya ce to, ya gane.

Mun kwana a gandun South Llano River kusa da garin Junction, wurin gwamnatin jiha, mai ruwa da wuta, kuɗin fili da na shiga duka bai kai dala 40 ba. A nan ne aka yi ja da baya na farko a gaban jama'a. Dabarar ita ce ka riƙe sitiyari ta ƙasa, duk inda kake so bayan tirela ya nufa, can za ka kai hannunka, kuma a hankali, kaɗan-kaɗan. Kawu ya tsaya inda nake ganinsa a madubi yana ba ni hannu irin na 'yan tasha, sau ɗaya muka shiga. Saukar ma da tsarinta. A fara daidaita hagu da dama ta hanyar hawa kan katako, a danne tayoyi da waigi gaba da baya, sannan a kwance daga mota, a daidaita gaba da baya da jak ɗin wuya. Ƙafafun nan huɗu na kusurwa don hana girgiza aka yi su, ba don ɗaga tirela ba. Daidaitawar ba don jin daɗin barci kawai ba ce, firjin da ke aiki da gas yana lalacewa idan ya daɗe a karkace. Kafin na jona wuta sai na sa na'urar gwaji a jikin turken wutar, kafin na jona tiyo sai na ɗaura abin rage ƙarfin ruwa, domin bututun cikin tirela na roba ne. Da safe yara suka ga talo-talon daji suna kiwo a gindin itatuwa.

Daga Junction zuwa yamma ƙasa ta buɗe. I-10 a cikin Texas kaɗai ta kai kusan mil 880, ta fi Kano zuwa Legas nisa. A wannan yankin doka ta yarda a yi gudun mil 80 a awa. Ni ban wuce 60 zuwa 62 ba, saboda yawancin tayoyin tirela irin na da an yi su ne kada a haura 65 da su, kuma iska ta taso tun hantsi. Gidajen mai sun yi nisa da juna: Sonora, Ozona, sai ka yi fiye da mil 100 kafin Fort Stockton. Motar da ke yin kusan mil 19 da galan ɗaya in ba ta jan komai ta koma 9 zuwa 10, don haka da allura ta kai rabi nake neman inda zan sha mai, kuma tun daga nesa nake duba ko gidan man yana da filin da zan fita ba tare da ja da baya ba.

Tsakanin Ozona da Fort Stockton na san abin da ake kira rawar tirela. Iska na bugowa ta gefe, sai wata babbar mota ta zo ta wuce mu da gudu. Na ji an tura mu dama, sannan an tsotso mu hagu, na duba madubi na ga bayan tirelar yana kaɗawa. Zuciya tana cewa ka taka birki ka murɗa sitiyari, kuma wannan ne ke kifar da mutane. Na ɗaga ƙafa daga totur, na riƙe sitiyari a miƙe, na kai hannu na matsa birkin tirela shi kaɗai. Ta ja da baya ta miƙe. Abin bai fi daƙiƙa biyar ba, amma babu wanda ya yi magana a motar sai salati da uwargida take yi ƙasa-ƙasa. Ba mu yi nisa ba muka wuce wata tirela da ta fi tamu tsawo kwance a gefen hanya, bangonta ya tsage, katifa da tukwane da kayan yara a warwatse cikin ciyawa, 'yan sanda sun kewaye wurin. Mutanen suna tsaye da ƙafafunsu, alhamdu lillahi. Kawu ya lura da kekuna da babban akwati da suka ɗaura a can bayanta, ya nuna mini da baki bai ce komai ba. Nauyi in ya koma baya wuya ya yi sauƙi, tirela ba ta da abin da zai hana ta rawa. A Fort Stockton muka tsaya muka jira iskar ta lafa, ko da yake ba haka muka tsara ba.

Bayan Van Horn agogo ya koma baya da awa ɗaya. A El Paso hanya ta bi gab da iyaka, kana tuƙi kana hango gidajen Ciudad Juárez na ƙasar Meziko a kan tudu. Muka shiga New Mexico muka sauka a wani sansani mai zaman kansa a Las Cruces, dala 50 a dare, muka kwance tirelar muka bar ta a can. Wannan shi ne babban amfanin tirela a kan motar kwana mai inji: ka ajiye ɗakin, ka shiga gari da motarka.

Washegari muka nufi White Sands ta hanyar US-70, muka haura wani dutse muka gangara, sai ga shingen jami'an tsaron iyaka. Suna da ikon kafa irin waɗannan shingaye har mil 100 daga iyaka, kuma duk wanda zai bi kudancin Texas, New Mexico ko Arizona ya sa ran haɗuwa da su. Rumfa ce babba a kan hanya, kyamarori a jere, ga kare yana zagaya motoci. Jami'in ya leƙo ya tambaya ko dukkanmu 'yan ƙasa ne. Na ce ni da iyalina haka ne, kawuna baƙo ne. Ya karɓi fasfo ɗin Kawu ya duba biza, ya duba takardar shigowa da na buga daga intanet tun a gida, ya miƙo ya ce mu sauka lafiya. Kawu ya riga ya sa hannu a aljihu tun muna layi, sabo da ya yi. Da muka wuce ya ce, "Shi ke nan? Ba na goro, ba a sauko a buɗe but?" Ya kwashe sauran hanyar yana ba mu labarin shingayen da ya sani, na katako mai ƙusoshi da na ganga, da yadda direba ke ware canji daban tun daga tasha, da daren da aka tsare shi har gari ya waye a kan takardar da ke hannunsa. Ni dai abin da zan ce, duk mai tafiya da baƙo daga gida kada ya bar fasfo a akwati, ya kasance a jikinsa. Ba kowa ke wucewa da sauƙin da muka wuce ba, mun ga motar da aka tura gefe ana sauke kayanta.

White Sands tuddan yashi ne fari fat kamar garin alabo, na ma'adinin farar ƙasar da ake yin silin da ita, faɗinsa murabba'in mil 275, kuma a 2019 aka ɗaga shi ya zama gandun ƙasa. Rana na dukansa amma ka taka da ƙafa ba takalmi ka ji sanyi. A ƙofar na sayi katin shekara na dala 80, wanda ke shigar da mota ɗaya duk gandayen gwamnatin tarayya. Kuɗin shiga nan kaɗai a lokacin dala 25 ne, Grand Canyon 35.

Muka sake ɗaurawa muka hau I-25 zuwa arewa, muka wuce wani shingen, muka tsaya a Hatch, garin barkono, inda ake rataye shi ja jawur a saƙe a ƙofar shaguna. Uwargida ta sayi na miya. Kawu yana da al'ada, duk inda aka tsaya sai ya zagaya ya ƙwanƙwasa kowace taya da ƙarfe, ya ɗora bayan hannunsa a tsakiyar kowace ƙafa. Kusa da Socorro ya taɓa ta baya ta dama ya janye hannu da sauri. "Zo ka ji." Sauran ukun ɗumi ne kawai, wannan kuwa ba ta taɓuwa, ga warin giris da ya ƙone. Muka lallaɓa a hankali zuwa wani gareji a cikin gari. Da makanikin ya cire ƙafar, boris ɗin ya bushe ya yi shuɗi, ya fara cin kansa. Ya ce da mun ƙara awa ɗaya a haka, ƙafar tana iya fita da gudu ko ta kama wuta. Ya canza shi, ya buɗe sauran ukun ya sake cika su da giris, dala 380, muka kwana a garin. Shi ne ya ce ƙa'idar masu ƙera waɗannan ƙafafun a sake giris duk shekara ko duk mil 12,000, kuma wanda ya sayi ta hannu ya sa a buɗe a gabansa ko da an ce masa an yi. Ya kuma nuna wa Kawu lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayar tirela ba ta cika sudewa ba, tsufa take yi a tsaye, rana na cin ta, sai ka ga zanenta sabo amma ta fashe a hanya. Shi ya sa na canza duka huɗun tun lokacin da na saya. Bayan mun yi kamar mil 50 na tsaya na sake ɗaure notocin ƙafafun, yadda ya ce a yi.

A Albuquerque muka samu sallar Juma'a, muka sayi naman halal, muka zaga tsohon gari. Gine-ginen ƙasa ne masu kaurin bango, da azara ta leƙo waje, da indararo a saman soro. Kawu ya shafa bangon wani ya ce wannan ai aikin maginan cikin Badala ne, sai dai babu zanko.

Daga nan I-40 ce zuwa yamma, hawa bayan hawa. Kafin Gallup hanya ta haura mita 2,200, iska ta yi siriri, inji ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa. Na sa motar a tsarin jan kaya, na koma layin dama tare da manyan motoci, ina lura da allurar zafi. A gangara kuwa Kawu bai bar ni na ɗora ƙafa a birki na bar ta ba. "Birki na tsayawa ne, gangara ta giya ce." Sai in sauke giya tun daga sama, in gudu ya ƙaru in taka sosai in rage, in saki ya huce. Da muka shiga Arizona agogo ya sake komawa baya, domin jihar ba ta canza lokaci da bazara yadda maƙwabtanta ke yi, ban da yankin ƙabilar Navajo. Lokutan salla sai da muka riƙa duba rana muna gwadawa da waya. Muna ƙasaru muna haɗa azahar da la'asar, mu shimfiɗa darduma a tsakiyar tirela mu fuskanci arewa maso gabas, babu mai kallonmu. A Flagstaff muka tarar da ƙanƙara a gefen hanya, a Williams muka karkata arewa, kusan mil 60 zuwa bakin kwarin.

Sansanin Trailer Village da ke cikin gandun shi ne mai wuta da ruwa da magudana, kuma watanni kafin tafiyar na kama wuri, ya haura dala 60 a dare. Na kusa da shi, Mather, ya fi araha amma babu wuta, kuma ba ya karɓar abin da ya wuce ƙafa 30. Motocin bas na kyauta ne ke kai mutane bakin kwarin. Zurfinsa ya kai kilomita ɗaya da rabi, kogin Colorado yana can ƙasa siriri, ya ratsa shi tsawon mil 277, duwatsun hawa-hawa, ja da ruwan ƙasa da toka-toka. Kawu ya riƙe ƙarfen kariya da hannu biyu ya daɗe yana tasbihi. Uwargida kuwa ba ta saki hannun yaran ba ko sau ɗaya, domin wurare da yawa babu shinge.

Daren farko sanyi ya sauka ƙasa da sifili. Maƙwabcinmu, wani tsohon malamin makaranta daga Minnesota da ke yawo da matarsa tun da ya yi ritaya, ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da magariba ya ce in cika tankin ciki, in cire tiyon waje in zazzage shi, in ba haka ba zai daskare ya fasa mahaɗin. Ya ce in bar ƙofofin kabad na ƙarƙashin wurin wanke-wanke a buɗe don ɗumi ya kai ga bututu. Da safe muka ga waɗanda ba su yi haka ba suna fama da tiyo ya sandare. Na'urar ɗumama ɗaki tana shan gas sosai, tukunya ɗaya ta kusa ƙarewa kafin mu bar wurin. Kawu ya kawo shawarar a kunna murhu a bar shi, ko a samo gawayi. Wannan kam ban saurara ba. Ɗaki ne ƙarami a rufe, hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa yana kashe mutane suna barci. Na nuna masa na'urar da ke ƙara in ta ji shi, wadda na gwada kafin mu taso, tare da abin kashe gobara a bakin ƙofa.

A nan uwargida ta ɗora wake da shinkafa, ta yi ta jira wake ya ƙi nuna. A tsayin mita 2,100 ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da ya saba ba, wajen digiri 93, don haka komai sai ya ƙara lokaci. Ta sa kanwa ta rufe, daga ƙarshe aka ci da mai da yajin barkonon Hatch. Washegari tuwon shinkafa ne da miyar kuka. Ƙamshin daddawa ya fita ta tagar sama, matar malamin nan ta zo tambaya, aka zuba musu, suka dawo da kwanon da wainar tuffa a ciki. Ga iyali Musulmi a wannan ƙasar, nan ne tirela ta fi biyan kuɗinta. Ba ka tsayawa kana tambayar da wane mai aka soya abinci, ba ka neman lungun da za ka yi salla, kuma butarka tana banɗakinka.

Butar ma ta yi amfani ta wata fuskar. Tankuna biyu ne na ƙazanta, ɗaya na masai, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke. Na masai yana son ruwa da yawa, in ya yi ƙaranci ƙazanta takan taru ta daskare a ciki, abin da ke damun masu amfani da takarda zalla. Ko an jona da magudana ba a barin bakinsa a buɗe; sai ya kai kashi biyu cikin uku, a sa safar hannu, a buɗe shi ya zube, a rufe, sannan a buɗe na ruwan wanka ya wanke tiyon. Tiyon ƙazanta da na ruwan sha ba sa haɗa akwati. Na ruwan wanka ne ya riƙa saurin cika mana, saboda alwalar manya uku sau biyar a rana.

Dawowa muka bi I-40 zuwa Amarillo, muka gangaro ta Fort Worth zuwa gida, ba abin da ya faru sai iska da warin garken shanu.

Tafiyar ta kai kusan mil 2,800. Mai kaɗai ya ci dala 1,000 da ɗoriya, galan yana kusan dala 3 a Texas, ya fi haka tsada a Arizona. Wuraren kwana kusan dala 600, gyaran ƙafa 380, abinci bai wuce abin da muke kashewa a gida ba. Da otal muka bi, ɗaki biyu kowane dare da cin abinci a waje sau uku, da ya ninka. Amma kada wannan ya ruɗi mai niyyar saye, domin tirela tana cin kuɗi ko tana tsaye. Ƙungiyar unguwarmu ba ta yarda a ajiye ta a ƙofar gida ba, ina biyan dala 85 duk wata a wani fili, ga inshora, ga sabunta lamba. Wanda zai fita sau ɗaya a shekara gara ya yi haya. Wanda kuma zai sayi ta hannu ya hau rufin da kansa ya duba duk inda aka liƙe, ya taka kowace kusurwa ta daɓen ciki, ya danna bango kusa da tagogi; in ya ji laushi ko warin danshi, ruwa ya riga ya shiga katako, kuma gyaransa yakan fi kuɗin tirelar.

Kafin na mayar da ita filin ajiya na zubar da tankunan duka, na rufe gas, na cire batir, na bar ƙofar firji a buɗe don kada ya yi fumfuna, na rufe tayoyin daga rana. Takardar sikelin nan Kawu ya roƙa na bar masa. Ya ce zai kai ta ofishin ƙungiyar direbobi a tasharsu ya nuna wa shugabanni, ko Allah zai sa su fara maganar kafa sikeli a bakin ƙofar fita.